Kafin A Ce Yaranmu Sun Tsumbure, A Fara Gyara Shekaru Da Awo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani aiki da ya zama ruwan dare a makarantun ƙauyukanmu na Jigawa da Kano. Ɗaliban kwalejojin kiwon lafiya da na horar da malamai kan shigo da sikeli da tef ɗin tela, su jera 'yan ƙaramar sakandare, su auna tsayinsu da nauyinsu domin rubuta kundin kammala karatu. Aikin yana da amfani ƙwarai. Babban binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata daga shekara 15 zuwa 49, inda ya gano cewa kashi 37 cikin ɗari na ƙananan yaran Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Manyan cikin waɗancan yara yanzu sun kai shiga sakandare, amma ɗan shekara 12 ko 13 ba ya cikin irin wannan lissafi. Saboda haka duk wanda ya ɗauki sikeli ya nufi Taura ko Gezawa ya zo cike gurbi ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake fitar da sakamakon. Galibi za ka tarar da jadawali mai layi biyu, matsakaicin tsayin maza a sama, na mata a ƙasa, sai a rufe da cewa maza sun fi mata tsayi da santimita kaza, kuma kashi kaza cikin ɗari sun tsumbure. Wannan jadawali bai faɗi komai ba, don an zuba gero da dawa da wake a kwano ɗaya an auna.

Dalili kuwa shi ne, tsakanin shekara 10 da 19 mace da namiji ba tare suke tafiya ba. Jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 domin 'yan shekara 5 zuwa 19 ya nuna haka ƙarara. A shekara 10 tsayin yaro na tsakiya santimita 137.8 ne, yarinya 138.6. A shekara 12 yarinya ta ba shi rata, tana 151.2 yana 149.1. A 13 sun kusa yin kai ɗaya, tana 156.4 yana 156.0. Daga nan sai labari ya juya: a 14 yaro yana 163.2, yarinya 159.8, a 16 yana 172.9, tana 162.5, a 19 yana 176.5, tana 163.2. Tazarar santimita 13 da muke gani tsakanin manya tana taruwa ne kusan dukkanta bayan shekara 13. Yarinya kan riga yaro shiga balaga da kimanin shekara biyu. Tun tana ƙirgar dangi take miƙewa, ta yi gudun girmanta mafi sauri wajen shekara 11 zuwa 12, inda za ta iya ƙara santimita 8 a shekara guda, kuma bayan ta fara al'ada abin da ya rage mata bai wuce santimita 5 zuwa 7 ba. Shi kuwa yaro sai wajen 13 zuwa 14 yake taso wa, amma ya samu ƙarin shekara biyu na girman yarinta kafin nan, kuma gudunsa ya fi nata ƙarfi, santimita 9 ko 10 a shekara.

Wannan shi ya sa uban da ya ga 'yarsa ta aji ɗaya ta kere sa'anta namiji bai kamata ya ɗauka yaron ne ba shi da lafiya ba. Haka kuma, tunda maganar ta zo, tsayin da yarinya ta yi ba shaida ba ce cewa jikinta ya gama ginuwa. Ƙashin ƙugu yana ci gaba da faɗi bayan tsayi ya kusa tsayawa.

To yanzu a dubi ajin biyu na ƙaramar sakandare a ƙauye. 'Yan matan da ke ciki yawanci 'yan 12 zuwa 14 ne, domin waɗanda suka haura haka da yawa sun bar makaranta. Mazan kuwa akwai ɗan 13, akwai ɗan 17 da ya yi shekaru a makarantar allo ko a gona kafin a sa shi boko. Wanda ya haɗa matsakaicin wannan aji ya ce ya gano bambancin jinsi, bambancin shekaru ya auna bai sani ba. Dole kowane jinsi a ware shi, kowace shekara a ware ta, a gwama ɗan 13 da 'yar 13.

A nan ne kuma babban ramin yake, wato shekarun da kansu. Ga misali. Yaro ya tsaya an auna shi, santimita 146. Rajistar makaranta ta ce shekararsa 14. Tsayin tsakiya na ɗan 14 shi ne 163.2, kuma gwargwadon yadda lafiyayyun yara ke warwatsuwa sama da ƙasa da wannan tsakiya kusan santimita 7.7 ne. Sai a cire 163.2 daga 146, a raba da 7.7, a samu ragi 2.2. Wannan shi ake kira makin Z, kuma ƙa'ida ita ce duk wanda makinsa ya faɗi ƙasa da ragi 2 an sa shi cikin tsumburarru. To amma a ce yaron nan a gaskiya shekararsa 12. Tsakiya 149.1, warwatsuwa kusan 7.1, makinsa ragi 0.4, wato lafiyarsa lau. Yaro ɗaya, tsayi ɗaya, hukunci biyu, kuma abin da ya raba su lamba ce da wani ya rubuta da biro ranar da aka kawo shi makaranta.

Kowa ya san yadda ake samun wannan lamba. Malami kan dubi yaro ya ƙiyasta, ko a rubuta shekara 6 ga duk wanda ya shiga aji ɗaya na firamare, ko a rage shekaru lokacin rajistar jarrabawa. Ƙiyasin ido ya fi kowanne ɓarna, domin da tsayi ake yin sa: gajere a rage masa, dogo a ƙara masa. Idan aka yi haka tsumburewar ta ɓace daga takarda gaba ɗaya, tunda an riga an ba kowane yaro shekarun da suka dace da tsayinsa. Alamar wannan ciwo tana bayyana tun kafin a fara lissafi. A ƙirga yara nawa aka rubuta wa kowace shekara. In aka ga 10 da 12 da 15 sun cika maƙil, 11 da 13 sun zama fayau, ko rabin makaranta an haife su ranar 1 ga Janairu, to rajistar ba abin dogaro ba ce.

Maganin yana cin lokaci amma ba ya cin kuɗi. A fara neman takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, a duba ranar da aka ba da ita, domin wadda aka yanka bayan yaro ya girma ƙiyasi ce ita ma. Katin rigakafi ya fi ta ƙarfi idan an fara cika shi tun yaro yana jinjiri. Inda babu ko ɗaya, sai a zauna da uwa, don ita ce ba ta mantawa, a bi da ita ta kan abubuwan da kowa ya shaida: rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a Mayun 2010, zaɓen Afrilun 2011, yajin aikin janye tallafin mai a Janairun 2012, rasuwar Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a Yunin 2014, zaɓen Maris na 2015. "Inna, lokacin da Sarki Ado ya rasu, kina goyonsa ne ko kina da cikinsa?" Daga nan a matso da wata: da kaka ne ko da bazara, kafin azumi ko bayan Babbar Sallah. Azumin 2012 da na 2013 duk a tsakiyar damina suka faɗo, cikin Yuli da Agusta. A gwada da sa'o'insa na unguwa da ke da takarda, wa ya riga wani suna. In mahaifi ya rubuta ranar da kwanan watan Musulunci a bangon littafi, abin ya yi kyau, sai dai a mayar da ita lissafin Miladiyya, domin shekarar Hijira ta gaza da kimanin kwana 11, wanda a shekara 15 ya haura wata biyar. A ƙarshe shekarun a rubuta su da watanni. Ɗan shekara 13 da wata ɗaya da ɗan 13 da wata 11 akwai kusan santimita 6 a tsakaninsu.

Sai awon kansa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ko Gujungu ya san kafin a yi ciniki kwanon ake fara dubawa. Tef ɗin tela yana miƙewa da amfani, kuma yana lanƙwasa a jikin bango. A nemi na ƙarfe irin na magina, a kafe shi a bango mai santsi, a sako igiya da dutse a gefensa don a tabbatar ya miƙe sak. A duba daɓen wurin, domin azuzuwa da yawa simintinsu ya farfashe, kuma ramin santimita ɗaya a ƙarƙashin dunduniya zai bi kowane yaro har cikin kundi. Yaro ya cire takalmi da hula, ya haɗa ƙafafu, dunduniya da mazaunai da kafaɗu da ƙeya su taɓa bango. Kai kuma a daidaita shi yadda ƙasan ramin ido zai zo layi ɗaya da ƙofar kunne. Yara kan ɗaga haɓa suna ganin hakan zai ƙara musu tsayi, alhali rage shi yake yi. Abin da za a sauko da shi bisa kai ya zama katako mai kusurwa irin na kafinta, gefe ɗaya a manne da bango. Rula ko littafi karkacewa suke yi. Mai karantawa ya sa idonsa daidai da lambar, in yaron ya fi shi tsayi ya hau benci. Ya faɗi lambar da ƙarfi har da ɗigonta, mai rubutu ya maimaita. A sauke yaro a sake tsayar da shi a auna karo na biyu, in bambancin ya wuce rabin santimita a yi na uku.

Wajen 'yan mata kuwa, mace ce za ta auna su, a ɗaki na daban, da yardar iyaye. Ba don kunya kaɗai ba. Ɗankwali da acuci da kitson shuku suna iya ƙara santimita 2 ko 3, kuma namiji ba zai ce wa budurwa ta tuɓe hijabi ba, sai ya auna ta haka. Sakamakon shi ne dukkan matan su yi tsayin da ba nasu ba, a binciken da ke neman bambancin da a wasu shekarun bai kai santimita 2 ba. Kuma a yi awon kowa a sashe ɗaya na yini, domin mutum ya fi tsayi da safe da kimanin santimita ɗaya ko fiye, kafin nauyin jiki ya danne gaɓoɓin ƙashin baya. In aka auna maza da hantsi, mata bayan Azahar, an ƙirƙiri bambanci da hannu.

Sikeli ba ya son yashi ko tabarma, sai daɓe mai tauri ko faffaɗan katako. Gwada shi abu ne mai sauƙi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka a auna jarka babu komai, a zuba mata lita 20 da aka auna, a gani ko ya ƙaru da kilo 20. A yi haka kowace safiya. Mai allura yana sakin jiki da tsufa, mai batir yana ruɗewa in batirin ya yi sanyi. Da hunturu a sa yara su cire rigunan sanyi.

Nauyi shi kaɗai ba a hukunta matashi da shi. Jadawalin Hukumar Lafiya na nauyi bisa shekaru ya tsaya ne a shekara 10, da gangan, saboda bayan nan ba za a iya bambance mai nauyi don tsayi da mai nauyi don ƙiba ba. Abin da ake amfani da shi shi ne ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke kira BMI: a raba nauyi a kilo da tsayi a mita wanda aka ninka da kansa. Yarinya mai kilo 38 da tsayin mita 1.52, a ninka 1.52 da 1.52 a samu 2.31, a raba 38 da shi a samu 16.4. Kuskuren da ya fi yawa a kundaye shi ne a ɗauko iyakar manya ta 18.5 a ce wannan yarinya ta rame. In shekararta 13 ce, na tsakiya 18.8 ne, iyakar rama kuma 14.9, don haka ba ta faɗa ba. Da iyakar manya, kusan rabin lafiyayyun 'yan shekara 13 za a rubuta su ramammu. Makin Z na BMI kuma ba a fitar da shi da ragi da rabawa kamar na tsayi, domin nauyi ya fi bazuwa ta sama. A duba jadawali, ko a yi amfani da manhajar AnthroPlus da Hukumar ke bayarwa kyauta. Ƙasa da ragi 2 rama ce, ƙasa da ragi 3 rama mai tsanani, sama da 1 nauyi ya yi yawa, sama da 2 ƙiba. Mai juna biyu ba a sa ta cikin wannan lissafi. Shi ma tef ɗin dantse mai launin ja da rawaya da kore, wanda iyakar jansa santimita 11.5, na 'yan wata 6 zuwa 59 ne.

Wannan bazuwa ta nauyi ita ce dalilin da ya sa lambar tsakiya ta fi matsakaici faɗin gaskiya. Yara biyar masu kilo 34, 36, 37, 39 da 64, matsakaicinsu 42 ne, nauyin da huɗu daga cikinsu ba su kai ba, alhali na tsakiyarsu 37 ne. Kuma irin wannan 64 a koma takardar asali a duba ta, wataƙila 46 ce aka juya. A ƙirga kuma lambobin bayan ɗigo. In awo na gaskiya ne, kowace lamba daga 0 zuwa 9 za ta fito kusan sau ɗaya cikin goma. In sifiri da biyar suka mamaye shafi, mai awon yana cikasawa ne da ka.

Yara nawa suka isa? A ce an auna maza 30 'yan shekara 14. A raba warwatsuwar 7.7 da lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 30, wato kusan 5.5, a samu 1.4. A ninka biyu. Ma'ana matsakaicin da aka samu zai iya kauce wa na gaskiya da santimita 2.8 sama ko ƙasa. In an gwama su da mata 30, duk bambancin da bai kai kusan santimita 4 ba zai iya zama sa'a ce kawai ta waɗanda aka ɗebo. Shekaru goma, jinsi biyu, rukuni 20 ke nan, kowanne 30, yara 600. Ɗalibin da ƙarfinsa yara 120 ne gara ya tsaya a kan 'yan 12 da 'yan 15 kaɗai ya yi aiki mai kyau, da ya baza su rukuni 20 kowanne mutum shida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma waɗanda sikelin bai taɓa gani ba: almajirin da ke tsangaya, yarinyar da ke talla, wadda aka aurar, ɗan Fulanin da ke bayan shanu, da wanda zazzaɓi ya kwantar ranar awo. Su ne sau da yawa suka fi shan wahala. Wanda ya auna 'yan makaranta ya rubuta "'yan makaranta" a kan kundinsa, kada ya ce matasan ƙaramar hukuma. Ya kuma rubuta watan da ya yi awon, domin nauyin yaron ƙauye a Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga noma ga zazzaɓin cizon sauro, ba ɗaya yake da na Disamba ba, haka ma na ƙarshen azumi.

Ko bayan an gyara duk wannan, adadin tsumburarru a tsakanin maza 'yan 13 zuwa 15 zai fito da yawa, kuma yana bukatar a karanta shi da hankali. Jadawalin 2007 an gina shi ne bisa awon yaran Amurka da aka tattara tun kafin 1977, waɗanda suke balaga da wuri. Yaron da abinci bai wadace shi ba balagarsa kan yi jinkiri, don haka a 14 ana gwada wanda bai fara miƙewa ba da wanda ke tsakiyar gudu. Wani ɓangare na ratar zai cike ta, don irinsa kan ci gaba da tsayi har wajen shekara 20. Ɓangaren da ya samo asali tun daga ciki da shekara biyun farko kuwa da wuya ya dawo duka. Awo na rana ɗaya ba zai raba waɗannan biyun ba. Abin da zai raba su shi ne a dawo a auna yaran nan dai bayan shekara guda, da tef ɗin nan dai, a ga santimita nawa kowanne ya ƙara. Makaranta za ta iya yin wannan da littafi ɗaya mai layi: suna, ranar haihuwa da inda aka samo ta, ranar awo, tsayi, nauyi.

Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da ragi 3, ko aka ga bai ƙara ko santimita 4 ba a shekara alhali bai balaga ba, ko yarinya ta kai 15 ba ta fara al'ada ba, kada a bar shi a cikin jadawali kawai. A kira mahaifi a keɓe, ban da gaban 'yan aji, a tura su asibiti. A garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja da wuraren noman rani irin su Kadawa da Kura, a tambayi yaro ko yana fitsarin jini, domin tsargiya da tsutsar ciki suna cin jini suna hana girma, kuma maganinsu ana raba shi a makarantu. Shi kansa maganin tsargiyar da sandar awon tsayi ake ƙayyade yawan ƙwayoyinsa. A kuma duba amosanin jini, wanda shi ma yana jinkirta tsayi da balaga. Takardar turawar ta ɗauki ranar haihuwa da lambobin awon duka biyu, don ma'aikacin asibiti ya sami abin da zai gwada da shi idan yaron ya dawo bayan wata shida.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Malamin lissafi,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.